Ɗiban Wuta a Abbasiya: Yadda Ilimi Ke Tafiya Har Ya Zama Arziki

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Waɗanda suka tashi kafin ashana ta wadata za su tuna da ɗiban wuta. Da sassafe uwa za ta miƙa wa yaro tsingaro, ta ce: je ka gidan su wane ka ɗebo mana wuta. Yaro ya je, a zuba masa garwashi biyu ko uku, ya dawo da sauri yana kare shi da tafin hannu. Maƙwabciyar da ta ba da wutar ba ta rasa komai ba, murhunta na ci kamar yadda yake ci. Gidan da aka kai wa kuwa sun sami abin dama koko. Amma sai an sami yaron da zai je ya dawo, sai an sami tsingaron da zai riƙe garwashin, sannan sai an tarar da itace a murhu. In ɗaya ya ɓace, wunin ranar babu girki.

Haka ilimin aiki yake tafiya tsakanin ƙasa da ƙasa. Masana tattalin arziki suna yawan tambayar: me ya sa manoma biyu, gonarsu daidai, wahalarsu daidai, ɗaya ya tashi da buhu 10, ɗaya da buhu 30? Sau da yawa bambancin ba ya cikin ƙarfin damtse. Yana cikin sani: wane iri aka shuka, yaushe aka shuka, yaya aka ba da ruwa, ina aka kai amfanin. Wannan albarkar aiki, wato yawan abin da mutum ke samarwa da guminsa na wuni guda, ita ce tushen arzikin kowace al'umma. Kuma mafi yawan sanin da ke ƙara ta, daga wani wuri ake ɗebo shi.

Don mu ga yadda abin yake a zahiri, yau shirin zai kai mu ƙasar Masar, birnin Alƙahira, wata unguwa da ke arewa maso gabas da tsakiyar birnin, mai suna Abbasiya. Duk gidan da ya taɓa tura ɗa karatu Azhar ya san wannan suna, domin a nan ne Madinatul Bu'us take, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, wanda aka buɗe a shekarar 1959. In ka tsaya a ƙofarta da la'asar za ka ji Hausar Kano da ta Sakkwato, ka ji ta Damagaram da ta Maraɗi, ka ji ta zangon Kumasi. A wannan unguwa kuma Jami'ar Ain Shams take, wadda aka kafa a 1950, da tsangayar koyon aikin injiniya da ta likitanci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu fara da mai ɗebo wutar, wato mutum.

Kafin a kira wurin Abbasiya, sunansa Raidaniya. A nan ne, a watan Janairun 1517, Sarkin Daular Usmaniyya ta Istanbul, Salim na Ɗaya, ya ci rundunar Mamluk masu mulkin Masar da yaƙi, ya karɓe Alƙahira. Da zai koma gida bai tsaya ga zinariya da marmara kaɗai ba. Ya sa aka tattara gwanayen masu sana'a, magina da kafintoci da maƙera da sauransu, aka tafi da su Istanbul. Masanin tarihi Ibnu Iyas, wanda ya ga abin da idonsa, ya rubuta cewa sana'o'i kusan 50 ne suka tsaya cak a Alƙahira a dalilin haka.

Masu sauraro, ku lura da wannan. Kayan aikin suna nan, rumfunan suna nan, masu saye suna nan, amma sana'a ta tsaya, saboda hannun da ya iya ya tafi. Akwai ilimin da ake iya rubutawa a littafi, akwai kuma wanda yake zaune a yatsu da ido da kunne. Marinin Ƙofar Mata yana duban kumfar da ke saman karofi ya san ko baba ya nuna. Bakanike yana jin ƙarar inji ya san inda ciwon yake. Irin wannan sani ba ya shiga ambulan a aika shi. Sai mutum ya zauna gaban wanda ya iya, ya gani, ya gwada, ya ɓata, a gyara masa. Shi ya sa magabata suka ce tafiya mabuɗin ilimi, suka kuma ce gani ya kori ji.

Bayan shekara 300, mai mulkin Masar Muhammadu Ali Basha ya gane wannan darasi, amma shi bai kamo gwanaye da ƙarfi daga waje ba. Ya ɗauko ƙwararru daga Turai yana biyansu, ya kuma tura 'ya'yan ƙasarsa su koyo. A 1826 ya aika ɗalibai sama da 40 zuwa birnin Faris na Faransa, su karanci aikin injiniya, likitanci, noma, sarrafa jiragen ruwa da sha'anin mulki. Aka haɗa su da wani matashin malamin Azhar don ya riƙa yi musu limanci. Sunansa Rifa'atu Ɗahɗawi.

Wannan limami shi ne ya kawo mu ga abu na biyu, wato tsingaro.

Rifa'atu bai ce aikinsa jan salla ne kawai ba. Ya duƙufa ya koyi Faransanci, ya karanta littattafan tarihi da na labarin ƙasa da na lissafi, yana rubuta abin da ya gani a tituna da makarantu da asibitoci. Sallarsa ba ta ragu ba, rawaninsa bai faɗi ba. Ya dawo gida a 1831 da wata fahimta: ɗalibi 40 ba za su ishi ƙasa ba, kuma ba za a iya kwashe dukan Misirawa a kai su Faris ba. Abin da za a yi shi ne a kawo ilimin cikin harshen da mutane ke ji. A 1835 ya buɗe Makarantar Harsuna, wadda ake kira Alsun. Shi da ɗalibansa suka fassara ɗaruruwan littattafai zuwa Larabci, na likitanci, na gine-gine, na ma'adinai, na shari'a, maɗaba'ar gwamnati da ke Bulaƙ tana bugawa. Inda Larabci ba shi da kalma suka ƙirƙira. Da haka yaron da ya taso a ƙauyen bakin Nilu ya iya karanta aikin likita da harshen da ya yi karatun allo da shi.

Harshe shi ne tsingaron ilimi. Sanin da ya tsaya a Turanci ko Faransanci ko Larabcin jami'a, alhali manomin Ɓagwai da mai kiwon kajin Tasawa ba sa jin ko ɗaya, garwashi ne da aka ɗauko a tafin hannu: ba za a kai shi gida ba.

Ga kuma wani darasi daga tarihin unguwar kanta. An sa mata suna ne daga Abbas Basha na Ɗaya, jikan Muhammadu Ali, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya gina fada da barikin soja a wurin. A zamaninsa aka rufe makarantu da dama, har da Makarantar Harsuna, aka tura Rifa'atu birnin Khartum a 1850. Aikin fassara ya yi sanyi na tsawon shekaru. Shawarar mai mulki guda tana iya kashe wutar da aka yi shekara 20 ana hurawa. Sai dai ɗaliban da Rifa'atu ya horar suna raye, kuma da su aka ci gaba bayan ya dawo a 1854. Yau Tsangayar Alsun tana cikin Jami'ar Ain Shams, a nan Abbasiya, ana koyar da harsunan duniya a cikinta. Ilimin da aka zuba a cikin mutane ya fi gini daɗewa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne kan yadda ilimi ke ƙaura daga wani yanki zuwa wani ya ƙara albarkar aiki. Mun yi maganar mai ɗebo wuta, mun yi maganar tsingaro. Saura itacen murhu.

Wajen shekarar 1820, wani Bafaranshe masanin masaƙa mai suna Jumel ya ga wata irin auduga a lambun wani babban mutum a Alƙahira. Ya lura silinta dogo ne, mai ƙarfi, irin wanda masaƙun Turai ke nema ruwa a jallo. Aka gwada shuka ta, ta yi kyau. A 1821 abin da Masar ta fitar bai kai kantar 1,000 ba, kantar ɗaya kuwa kusan kilo 45 ne. Zuwa 1824 ya haura kantar 200,000. Me ya sa abin ya kama da sauri haka? Saboda an tarar da itace a murhu: manoman da suka gaji ban ruwa tun kaka da kakanni, magudanan da aka haƙa don noman rani, jiragen ruwa a Nilu, tashar Iskandariya, da masu saye da ke jira. Daga baya jirgin ƙasa ya haɗa Iskandariya da Alƙahira a 1856, layin dogo na farko a nahiyar Afirka.

Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi ɗaya ɓangaren. Talakawa sun sha aikin tilas wajen haƙa waɗannan magudanai. Ƙasar ta dogara ga auduga har ta zama kusan kashi 90 cikin 100 na abin da take sayarwa waje kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Manyan masana'antun da Muhammadu Ali ya gina kuwa, yawancinsu sun durƙushe tun kafin 1850. An sayo injuna, amma babu kwal, masu gyara sun yi ƙaranci, kayan waje masu araha kuma suka cika kasuwa. Mu da muka ga yadda masaƙun Kaduna da na Kano suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ba baƙon labari ba ne a gare mu. Sayen inji daban, mallakar ilimin inji daban. Ko ilimin ya samu, in babu wutar lantarki, babu jari, babu kasuwa, babu dokar da ke tsayawa wuri guda, garwashin toka zai zama.

Yanzu mu juyo gida. Wannan hanya ta Masar ba yau muka fara bin ta ba. Tun tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa wa ɗalibansu masauki a Masar. A da, a cikin masallacin Azhar akwai ruwaƙin Barnawa, inda ɗaliban yankinmu suke sauka. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Kuma ba karɓa kawai muka yi ba, mun bayar. Malam Muhammadu Al-Kashnawi, Bakatsine, masanin lissafi da taurari, ya zauna a Alƙahira bayan aikin hajjinsa, manyan malaman birnin suka ɗauki karatu a wurinsa. A gidan Shehu Hasan Al-Jabarti ya rasu a 1741, littattafansa kuma suka zauna a can. Abin alfahari ne gare mu, abin tunani ne kuma: Masar ta ƙaru da shi, Katsina ba ta sake ganinsa ba.

Arzikin Kano na da, shi ma ɗiban wuta ne ya gina shi. Wangarawa sun zo daga Mali da addini da dabarun fatauci. Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi. Masaƙa da maɗinkan ƙasar Nufe sun ƙara wa tufafinmu kyau. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafin birnin a kan kuɗin wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa auduga suka sa rai a 1912, amma manoma suka zaɓi gyaɗa, kuma fataken goro da suka ƙware a hanyar Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata, su ne suka san yadda ake tara kaya daga ƙauyuka, a ba da bashi, a riƙe amana. Ilimin da suka samo a wata hanya suka zuba a wata sana'a, har dalar gyaɗa ta tashi. Ita gyaɗar ma baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta zo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To yau fa, me ke akwai a Masar da ya kamata a ɗebo?

Manomin shinkafa a Masar yana samun kusan tan 9 a hekta guda. Matsakaicin abin da ake samu a Nijeriya bai wuce tan 2 da 'yan kai ba. Gaskiya ne nomansu duk na ban ruwa ne, kuma yanayinsu daban. Amma mu ma muna da Kadawa da Bakalori da fadamun Kebbi da kwarin Neja. Babban ɓangare na wannan tazara yana cikin zaɓen iri, daidaita ƙasa, lokacin dashe da auna taki, kuma duk ana koyonsu. Masar ce kan gaba a Afirka wajen kiwon kifi, musamman karfasa, a yankin Kafrus Shaikh. Garin Dimyaɗ ya yi suna da kujeru da gadaje, Mahalla ta yi suna da saƙa. Duk waɗannan wurare tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Abbasiya. Kuma tun 1961 Azhar kanta ta buɗe tsangayoyin likitanci, injiniya, noma da kasuwanci, gefe da gefe da na shari'a da usuluddini da Larabci.

Kada wani ya raina abin da mutane kaɗan za su iya. A 1979 wani kamfanin Bangaladash mai suna Desh ya tura ma'aikata 130 Koriya ta Kudu su koyi ɗinkin tufafi na masana'anta a wurin kamfanin Daewoo. Cikin 'yan shekaru, 115 daga cikinsu suka fita suka kafa nasu kamfanonin ko suka jagoranci wasu. Yau tufafi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, mutane kusan miliyan 4 ke ci daga sana'ar, yawancinsu mata.

Ga kuma misali a ƙofar gidanmu. A jihar Maraɗi, tun wajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara aiki da manoma kan wata dabara: maimakon a sassabe tohon da ke fitowa daga kututturan itatuwa a gona, a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a riƙa yi musu aski. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Ba a sayo inji ba, ba a ci bashi ba. Maƙwabci ya gani a gonar maƙwabci, aka yi ta faɗa a kasuwa da rediyo, da Hausa. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 ne suka farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Ƙasa ta ƙara ƙarfi, gero ya ƙaru, dabbobi sun sami abinci, mata sun sami itacen girki kusa da gida. Nan an sami mai ɗebowa, an sami tsingaro, an tarar da itace.

Jama'a masu sauraro, kafin mu rufe, ga kira.

Ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke Madinatul Bu'us da sauran unguwannin Alƙahira, Allah Ya ba da ilimi mai amfani. Ku riƙe karatun da ya kai ku da hannu biyu, shi ne farko. Amma ku tuna da Rifa'atu, wanda aka tura limanci ya dawo da abin da ya amfani ƙasa guda. Hutun ƙarshen shekara ya yi, ku leƙa gonar kifi, ku shiga shagon kafinta, ku zauna da mai gyaran famfon ban ruwa. Ku yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ku rubuta abin da kuka gani da Hausa, ko da shafi 10 ne. Malamin da ya dawo da fiƙihu da sana'a, mumbarinsa ya fi 'yanci, domin ba ya jiran hannun kowa.

Iyaye, in yaro ya ce zai karanci noma ko injiniya ko haɗa magunguna, ku sa masa albarka kamar yadda kuke sa wa mai karatun tafsiri. Al'umma na bukatar wanda zai ja ta salla, tana kuma bukatar wanda zai duba mata mara lafiya.

Attajiranmu na Kantin Kwari da Dawanau da kasuwar Maraɗi, kuna zuwa Alƙahira sarin jallabiya da magani. Ku ware wani abu ku ɗauki nauyin matasa biyu ko uku su zauna wata shida a inda ake yin kayan, in sun dawo ku ba su jari.

Hukumomi kuma, biyan kuɗin karatu rabin aiki ne. Ku san sunan kowane ɗalibin da kuka tura da abin da ya karanta, ku tanadar masa wurin aiki tun kafin ya sauka daga jirgi. Ku tallafa wa fassara da buga littattafan sana'a da Hausa, na boko da na ajami. Wanda ya dawo da garwashi ya tarar da murhu babu itace, komawa zai yi inda ya fito, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ku kuma da ke gida, wanda ya iya wani abu ya koya wa na kusa da shi. Wutar da ka ba maƙwabci ba ta rage taka, kuma ranar da taka ta mutu, a gidansa za ka ɗebo.

  

(Kiɗan rufe shiri)